Almakashin Manang Gemma

Ranar Alhamis ce, a ƙarshen watan Oktoba. Tun safe garin Iloilo ya yi tsit, ba iska ko kaɗan, sai wani zafi mai danƙo da ke manne wa mutum riga a baya. Sama ta yi toka-toka ta wajen gabas. Rediyon kicin ɗin gidan abincin da nake aiki yana ta nanata cewa guguwa ta doso, kuma za a ɗaga alamar gargaɗi ta farko kafin yamma. Duk mai gida a tsallaken ruwa, a tsibirin Guimaras, ya san ma'anar wannan. Da an ɗaga alama, kwalekwale ya daina tashi.

Ranar ce kuma Tatay, wato mahaifina Isko, yake cika shekara sittin da ɗaya.

Sunana Jovito, amma Bitoy kowa ke kirana. A aji biyu na sakandare na bar makaranta, ba don komai ba sai don zama a kan benci yana sa ni ciwon baya. Na yi dakon siminti, na raba ruwan jarka a kan babur, na sayar da rigar waya a bakin kasuwa, na bi jirgin kamun kifi sau ɗaya na rantse ba zan ƙara ba. Babu inda na kai shekara. Tatay makanikin injin kwalekwale ne, yakan ce da ƙafata na da inji da ta fi duk jirgin da ya taɓa gyarawa gudu. Wannan gidan abinci na bakin kogi ne kaɗai na zauna har magen bayan kicin ta saba da ni. Da wankin tukunya na shiga, daga baya aka ba ni wuƙa, daga baya aka ba ni kasko. Kasko kuwa ya riƙe ni, don shi ma ba ya son a tsaya.

Muna gama abincin rana sai yayata, Manang Gemma, ta kira ni. Ita ke jinyar Tatay tun da ɓarin jikinsa na hagu ya shanye a farkon damina.

"Bai ci ba," in ji ta. "Yau ma bai ci ba."

"Ko faten shinkafar?"

"Ya ture shi. Kwanakin nan cokali biyu ne, uku ne, sai ya kau da kai. Yau kuwa ko ruwa sai da na yi masa faɗa. Tiya Saling ta zo tun safe da robar taliya, ta cika gidan da surutu. Bitoy, na gaji."

Ban taɓa jin Manang ta ce ta gaji ba. Na kashe wayar na nufi babban kukunmu, Shef Ramil, yana ɓare jatan lande a bayan kicin.

"Shef, ina so in tsallaka gida. Zan dawo kafin a kunna wutar yamma."

Bai ɗago ba. "Yau? Da bikin aure a kaina?"

"Ranar haihuwar babana ce. Taliya kawai zan dafa masa in juyo. Ta kaza da man shanu, wadda ka koya mini. Kai ka ce kafin taliya ta nuna miya ta haɗu."

"Ni na ce. Amma ban ce ana dafa ta a wani tsibiri ba." Ya jefa ɓawo cikin bokiti. "Ka ji rediyo?"

"Na ji."

"Bitoy, na sha ganin irinka. Hannu mai kyau, ƙafa mai ƙaiƙayi. In baƙi suka zauna ƙafar nan ba ta cikin kicin ɗina, ka bar ta can inda take."

"Zan dawo."

Ina fita ya kira ni, ya jefo mini kan tafarnuwa guda. "Kada ka bari ta ƙone. In ta yi baƙi ɗaci za ta yi."

Na tsaya a babban kanti na sayi ƙunshin taliya mafi siriri, mai kamar zaren ɗinki, da tsokar ƙirjin kaza, da dunƙulen man shanu na gaske, ba bota ta gwangwani ba. Na roƙi mai kifi ƙanƙara na naɗe man a ciki, na ruga tashar kwalekwale.

Manong Dado ne a kan igiyar ɗaure kwalekwale, tsohon abokin Tatay. Ya dubi ledata, ya dubi sama.

"Ɗan Isko, ina za ka da ƙanƙara a irin wannan rana?"

"Gida, Manong. Yanzu zan juyo."

"Kowa haka yake cewa. Ba ni lambarka, in za mu tashi na ƙarshe in kira ka. Amma sau ɗaya zan kira. Ni ba budurwarka ba ce."

Teku ta kwanta luf kamar an goge ta, abin da ya fi ba tsofaffi tsoro. Muka sauka a Buenavista, garinmu a Guimaras, na hau babur mai kwandon fasinja a gefe ya haura da ni tudu, ta cikin gonakin mangwaro, ruwan ƙanƙara yana ɗiga a cinyata.

Tun daga bakin ƙofa na jiyo muryar Tiya Saling, yayar Tatay. Mace ce gajera mai faɗi, ba ta san magana a hankali ba ko a coci. A kan tebur ga robarta cike da jar taliya irin ta biki, mai sukari da jar miyar ayaba ta kwalba da yankakken naman sosej, an barbaɗe samanta da cuku. 'Ya'yan maƙwabta sun riga sun ci sun tafi da jan baki.

Tatay yana zaune a kujerar kaba kusa da taga, fuskarsa a bango. Ya rame har wuyan singiletinsa ya yi masa yawa. Na durƙusa na ɗauki hannunsa na dama, mai lafiyar, na kai goshina, yadda muke gaida manya. Ya ɗan matse yatsuna, amma bai juyo ba.

A gabansa, a kan ɗan tebur, akwai faranti. Taliyar Tiya ce a ciki, sai dai an yayyanka ta ƙanana kamar ƙwayar shinkafa. Ko cokali ba a sa a ciki ba.

"Gara da ka zo," in ji Tiya. "Zo ka ga aikin yayarka. A ranar haihuwar mutum, ta ɗauki almakashi ta datse masa taliya! Me kike so ya gani a farantin nan, Gemma? Kwanakinsa a gutsuttsure? Tun muna yara ba a yanka taliyar ranar haihuwa. Tsawonta tsawon ransa. Ko mahaukaci ya san wannan."

Manang tana jingine da ƙofar kicin. Almakashin yana rataye da igiya a ƙugunta, inda yake kullum tun da aka sallamo Tatay daga asibiti. Da shi take yanka masa komai, kifi, ayaba, har burodin da aka jiƙa.

"Tiya," ta ce, "ranar da loma ɗaya ta shaƙe shi har leɓensa ya yi shuɗi, ni ce na riƙe shi. Ke kina wajen rera waƙa a coci."

"Addu'a nake yi masa!"

"To ki yi masa addu'ar haɗiya."

"Ji bakin yarinya! Isko, kana jin 'yarka?"

Tatay ya motsa. Tun da ya kwanta, magana tana fito masa da ƙyar, kamar yana jawo ta daga rijiya. Ya nuna farantin da haɓa.

"Gaje... re," ya ce. "Komai... gajere."

Ya mayar da fuska bango. Na kalli Manang, na ga idonta ya cika, ta juya ta shige kicin.

Na bi ta. Na zube kayana a kan teburin siminti.

"Doguwa zan dafa masa," na ce.

"Kana so ka kashe shi?"

"Yunwa ma tana kan hanyar yin haka. Manang, ki duba sirantar ta. Ta Tiya kauri ne da ita, ga miya mai danƙo, ga sosej. Wannan da man shanu za ta tafi, santsi ne da ita. Ki bar ni in gwada. In kin ga ba ta yi miki ba, almakashi na ƙugunki."

Sai ta matsa daga gaban murhu.

Na ɗora tukunyar ruwa a kan babbar wutar gas, na watsa gishiri kaɗan saboda hawan jininsa. Na fere kazar sirara, na bubbuge ta da gindin kwalba har ta yi faɗi. Rabin man na yanka na jefa a kasko. Da ya narke ya fara kumfa sai na zuba tafarnuwa, ƙamshi ya tashi ya fita har falo. Na jera kazar, ta yi cuu, na juya ta. Ruwa ya tafasa, na saka rabin ƙunshin taliya a tsaye, na jira ta rusuna da kanta ta nutse ba tare da na karya ko sili ɗaya ba. Komai yana tafiya yadda yake tafiya a kicin ɗin Shef. Na riga na fara ganin kaina a cikin kwalekwalen komawa.

Saura ganye. Ban sayo ba, don na san Tatay yana da ɗoɗɗoya a bayan gida, a cikin tsofaffin gwangwanayen fenti. Shi ya shuka ta, da ita yake dafa romon kifinsa.

"Manang, rage mini wutar kasko. Ina zuwa."

Na tarar da gwangwanayen a jere, duk sun bushe sun zama tsinke. Ba wanda ya tuna da su tun farkon jinya. Sai guda ɗaya can a ƙarshe, a ƙarƙashin indararo, inda ruwan rufi ke zuba, ita ce ta yi kore shar. Na tsuguna ina tsinkar ganye. Iska ta farko ta taso a lokacin, ta kaɗa ganyen ayaba, ta kwanta.

Da na dawo kicin ban ga Manang ba, ta je gyara wa Tatay zama. Tiya Saling na gani a gaban murhu, ludayi a hannunta, fuskarta cike da fara'a. Kusa da ita ga gwangwanin madara mai kauri a buɗe, ga robar sukari.

"Na ɗan gyara maka," ta ce. "Na leƙa na ga abu fari fat kamar abincin asibiti. Wa zai ci taliyar biki ba zaƙi? Har na tace maka taliyar na juye a ciki, kada ta yi sanyi."

Na dubi kaskon. Taliya da kaza da man shanu duk sun dunƙule cikin farar madara mai yauƙi, tana tafasa tana ɓul-ɓul. Na ɗaga da cokali, ta biyo shi gaba ɗaya kamar ƙullun alewa.

"Tiya, yana da ciwon suga."

"Yau ɗaya dai."

"Kuma wannan ko ni sai na sha ruwa kafin ta wuce."

"Ɗanɗana mana kafin ka yi mini ido! Ni na dafa taliyar bikin auren uwarka, kai kana ina?"

Wayata ta yi ƙara a aljihu. Manong Dado ne.

"Ɗan Isko, an ɗaga alama. Masu gadin teku sun ce jirgi ɗaya ya rage. Muna lodi yanzu. In ka hau babur a wannan minti za ka same mu."

Manang ta shigo tana jin abin da yake faɗa. Ta dubi kaskon, ta dubi gwangwanin madara.

"Je ka, Bitoy," ta ce. "Wannan aikin ne kaɗai ka taɓa riƙewa. Je ka. Zan dama masa fate anjima, ko zai karɓa."

"Zai karɓa?"



Daga inda nake tsaye ina hango bayan kan Tatay ta ƙofa, da farantin nan na gutsattsarin taliya da ƙuda ya fara sauka a kai. Rabin ƙunshi ya rage mini. Rabin mai ya rage, ya fara laushi a cikin takardarsa. Ganye yana hannuna. Ƙafata kuwa, ba zan ɓoye ba, ta riga ta juya wajen ƙofa da kanta.

"Manong," na ce a wayar, "ku tafi."

"Ka tabbata?"

"Ku tafi. Ka gaida teku."

Na ajiye wayar a kan firji, na kife ta.

"Bitoy," in ji Manang.

"Wanke mini tukunyar nan ki sake cika ta. Tiya, don Allah zo nan." Na kama kafaɗunta biyu na kai ta bakin ƙofar baya, na zaunar da ita a kan kujera 'yar tsugunno, na ɗora mata turmin dutse a cinya. "Ga ganye, ga gishiri ɗan kaɗan. Daka shi har ya zama kamar man shafawa. Kada ki tashi daga nan."

"Ni za ka kora daga kicin ɗin ƙanena?"

"Ba kora ba ce, ƙarin girma ne. Babu mai hannun daka irin naki a Buenavista."

"Wannan kam gaskiya ne," ta ce, ta kama taɓarya. "Amma ɗan sukari a cikin ganyen..."

"Tiya!"

"To, to. Yaran birni."

Kaza ba ta da madadi, don haka na tsamo ta daga cikin madarar yanka-yanka, na zuba a gwagwa, na wanke ta da ruwan zafi har sau uku, ina ɗanɗanawa, sai da zaƙin ya fita. Na juye ta a faranti na miƙa wa Manang.

"Ga aikin almakashinki. Yanka ta yadda kike so, ki mai da ita gari in kin ga dama. Ba wanda ya ce tsawon kaza tsawon rai ne. Ko akwai, Tiya?"

"Kaza ba ruwanta," in ji Tiya daga bakin ƙofa.

"Kin ji. Taliya kawai za ki bar mini."

Manang ta kwance almakashin daga ƙugunta ta fara aiki. Ƙas, ƙas, ƙas. Tiya tana daka, ruwa yana ɗumi a tukunya, iska ta dawo da ƙarfinta ta fara jijjiga kwanon rufi.

Da ruwa ya tafasa na saka sauran taliyar. A nan ne na yi abin da ya fi yi mini wuya a ranar. Shef Ramil ya koya mini cewa taliya ana sauke ta da sauran ƙarfinta, ta ɗan yi gardama a haƙori. Ya taɓa jefa mini faranti a kwandon shara saboda na bar ta ta yi laushi. Hannuna ya saba, lokacin na yi sai ya kai ga tukunya da kansa. Na janye shi. Na bar ta tana tafasa, ta wuce nuna, ta wuce inda ake jin kunya. Ina ciro sili ɗaya ina matsawa tsakanin harshe da dasashi, ba haƙori. Sai da ta narke da matsa ɗaya, amma ba ta tsinke ba in an ɗaga ta.

"Ɗanɗana," na ce wa Manang. "Kada ki tauna."

Ta sa a baki, ta lumshe ido tana gwadawa kamar likita. "Ƙara mata kaɗan."

Na ƙara mata kaɗan.

Sauran man na narkar a wuta ƙasa-ƙasa. Tafarnuwar ban yanka ta ba wannan karon, na fasa ta kawai na bar ta ta ba mai ƙamshi, sannan na tsame ta na yar, kada wani gutsure ya tsaya masa a maƙogwaro. Na zuba ludayi guda na ruwan taliya ina kaɗa kasko, mai da ruwa suka haɗu suka zama miya mai sheƙi. Na zuba garin kazar Manang. Na karɓi turmi daga hannun Tiya, bayan na shinshina shi na tabbata ba ta yi mini wayo ba, na kwashe koren ganyen na juye a ciki, na matse rabin ɗan lemun tsami. Taliya ta shiga ta ƙarshe. Da cokali biyu na juya ta a hankali, kamar mai juya jariri a wanka.

Ruwan sama ya sauko daidai lokacin da na fito da farantin.

Manang ta ɗauke tsohon farantin, ta tayar da Tatay zaune sosai, ta cusa masa filo a baya. Na jawo kujera na zauna a gabansa. Har yanzu bango yake kallo, amma na ga hancinsa yana motsi.

"Tay," na ce, "ɗoɗɗoyarka ce. Ta ƙarƙashin indararo."

Ya juyo da ido kawai.

Na sa cokali mai yatsu na kamo sili ɗaya, na ɗaga shi a hankali. Ya biyo, ya biyo, kore-kore yana sheƙi, har hannuna ya wuce kaina sannan ƙarshensa ya bar faranti yana lilo. Na tsaya haka ya gan shi da kyau, daga sama har ƙasa.

"Ba a taɓa shi ba," na ce. "Tambayi Tiya."

"Ni shaida ce," in ji Tiya. "Babu zaƙi, babu launi, amma tsawo kam akwai."

Na naɗe silin a cikin cokali ya zama ɗan ƙaramin gammo, na kai bakinsa. Ya kau da kai. Sai na ga hannunsa na dama ya taso, ya kama cokalin, ya ture nawa hannun.

"Da kansa yake so," in ji Manang a hankali. Ta zagaya bayansa ta ɗora tafinta a tsakiyar kafaɗunsa. "Tay, sunkuyar da haɓa. Tauna sosai. Kada ka yi sauri." Ta dube ni ta saman kansa. "Ai a baki ma tsinkewa za ta yi. Mene ne bambancin?"

"Wannan shi da haƙoransa," in ji Tiya. "Mutum ya ci kwanansa da bakinsa. Naki almakashin ne ba a so."

Cokalin ya shiga. Mai ya ɗan zubo ta gefen bakinsa na hagu, ba wanda ya goge. Yana taunawa, muna kallo. Ruwa yana dukan rufi, amma ni motsin muƙamuƙinsa kawai nake ji. Ya daɗe. Maƙoshinsa ya hau, ya tsaya.

Sai tari.

Manang ta dafe shi ta tura shi gaba, Tiya ta kira sunan Yesu da Maryamu da Yusufu a numfashi ɗaya, ni kuwa na miƙe har kujera ta faɗi. Ya yi tari na biyu, na uku, idonsa ya yi ja. Ya ɗaga hannu, wai a dakata. Ya ja numfashi. Ya fito sarai, ba shaƙa a ciki.

"Buɗe baki in gani," in ji Manang.

Ya buɗe. Babu komai.

"Ce 'a'."

"Aaa," ya ce, murya tas. Ya lashi leɓensa, ya dube ni tsaf, ya tattaro kalma.

"Gi... shiri."

"Babu gishiri!" in ji Manang, tana dariya tana share ido da bayan hannu. "Dubi tsoho, daga dawowa sai neman rigima."

"Na gaya muku abin nan salam yake," in ji Tiya.

Na tayar da kujera na sake naɗa masa wani silin. Bayan na huɗu ko na biyar ya ƙi jirana, ya karɓi cokali mai yatsu yana kamowa da kansa. Sai ya ɗaga kowane sili sama iyakar inda hannunsa zai kai, ya kalle shi, sannan ya sauke a cokali. Wani ya zame ya faɗi a cinyarsa, ya ɗauka da yatsu ya ci. Hannun Manang bai bar bayansa ba har ya gama. Almakashin yana can kicin a kan teburin siminti, inda ta manta shi.

Ya ci kusan rabin faranti kafin ya ajiye cokali. Tiya kuwa ta ɗauko kaskon farko, na madara, ta zauna a bakin ƙofa tana ci tana cewa ba ta taɓa dafa abu mai daɗinsa ba, ya kamata in kai wa maigidana ya sa a jerin abincinsu.

Maganar maigida ta tuna mini da waya. Na je na ɗauko ta daga kan firji. Shef ya kira sau biyu, sannan ya turo saƙo: in teku ta kwanta in zo in kwashe takalmina daga bayan ƙofa.

Na dawo falo na zauna. Tatay ya bi ni da kallo. Mutumin da ya yi shekara arba'in a bakin tasha ba ya bukatar a gaya masa lokacin da jirgi na ƙarshe ke tashi.

"Jirgi?" ya ce.

"Ya tafi, Tay."

"Aiki?"

"Shi ma."

Ya kalli ƙafafuna. Na yi zaton zai faɗi maganar nan tasa ta inji. Sai ya nuna sauran taliyar da haɓa.

"Rufe," ya ce. "Anjima." Ya huta, ya ƙara jawo wata kalmar. "Gobe... kifi."

"Kifi da ƙaya?" in ji Manang. "A'a wallahi. Bitoy, kai ka fara wannan, kai za ka zauna ka tsince ta ɗaya bayan ɗaya."

"Ina zan je?" na ce. "Ba jirgi."

Guguwar ta ratsa ta arewa da mu, ba ta yi ɓarna sosai a tudunmu ba. Da gari ya waye na zagaya gida na duba. Reshen mangwaro ɗaya ya karye, falle guda na rufin bayan gida ya tashi. Rabin ƙunshin taliya da rabin dunƙulen man shanu sun tafi cikin madarar Tiya. Ɗoɗɗoyar ƙarƙashin indararo ta zama tsinke, don ban bar mata ko ganye ɗaya ba. Sai aikina na gidan abinci, da kaskon da na saba da shi, da magen bayan kicin, su ma sun tafi.